Kayan da Rijiya Ta Ɗora wa Korau

Dalilin da ya sa kwalba ke fitowa da fari-fari a jikinta in an tafasa ta a ruwan rijiya, yara, bakin Korau ne ya jawo. Ku matso ku ji.

Shekara bakwai Korau ya yi yana yawon duniya. Da ya dawo ƙauyensu, ya tarar an sare durumin ƙofar gida, jakin Baffa ya mutu, ɗakinsa kuma kaji ne ke kwana a ciki. Gwaggonsa Tabawa ma ta koyo sabon abu. In tumatir ya yi araha sai ta markaɗa, ta dafa, ta ɗura a kwalabe ta toshe bakinsu, ta tafasa su a babbar tukunya, su kai ta har ƙarshen damina. A wancan zamanin kuwa garau kwalba ke fitowa daga tukunya, har ka ga haƙoranka a jikinta.

Rijiyar tsakar gida ce kaɗai ba ta canza ba. A lokacin tana magana, sai dai ba mai kula ta.

Kwana uku da dawowa, ƙafar Korau ta soma ƙaiƙayi. Ya ce ranar Alhamis zai bi motar kasuwa.

Gwaggo ta ce, "Kai da ko gajiyar hanya ba ta sake ka ba? To, jawo mini ruwa mu dafa kwalabe, in ba ka uku ka yi guzuri."

Mutanen gida duk sun gaji da labaransa, don haka da ya zura guga sai ya soma ba rijiya. "Iya, ke kina nan cikin rami. Ni na ga kogin da kwale-kwale ke wuni bai tsallake ba. Na ga ruwan da ba shi da ƙarshe, ga gishiri a ciki kyauta."

Rijiya ta yi ajiyar zuciya har igiya ta girgiza. "Ɗan nan, tun kafin a haifi kakanka nake nan. Abin da na sani na duniya shi ne gindin guga. Tafi da ni."

Korau dai bai iya cewa a'a ga wanda ya saurare shi. Ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Kwalabe uku za su bi ni. Ɗaure kayanki ki hau."

Shi da wasa ya faɗa. Ita kuwa ba ta san wasa ba. Dukiyarta ɗaya ce, farar ƙasar da ta daɗe tana tarawa a gindinta. Ta narkar da ita a ruwa, ta bi guga har cikin tukunya. Ta nemi shiga kwalabe, ta tarar Gwaggo ta toshe su gam. Kuma ba ta san waɗanne uku ne masu tafiya ba, sai ta ɗora kayanta a bayan duka arba'in ɗin.

Gwaggo ta tsamo su fari fat, kamar sun yi birgima a toka.

"Korau, me ka zuba mini a ruwa?"

"Ruwa kawai na jawo, Gwaggo."

"To ta yaya zan gane wadda ta lalace in ba na ganin ciki?" Ta ɗauke jakarsa ta tura ƙarƙashin gadonta. "Ba inda za ka sai na ga tumatir ɗina."

Ya wanke da sabulu, suka yi haske, suna bushewa farin ya dawo. Ya sa toka, ya sa yashi, haka. Ya leƙa rijiya ya ce, "Iya, don Allah sauke kayanki."

Ta ce, "Kai ka ce in hau."

Laraba da la'asar, hannunsa duk ya yi kanta, ya miƙa tsumma zai jiƙa, ashe cikin ƙwaryar tsamiyar da Gwaggo ta jiƙa don kunu ya tsoma. Yana gogawa, farin ya narke ya bi tsumma.

Daga cikin rami aka ji, "Wash, haƙorana. Wa ke ba tsohuwa tsami?"

Kafin magariba kwalabe arba'in sun yi garau. Ranar ba a sha kunu a gidan ba, Gwaggo ta yi ta faɗa, amma ta fito masa da jakarsa.

Da safe yana naɗe kwalabensa a tsohuwar riga, sai ya ga ɗigon fari a gindin ɗaya, bai fi farce ba. Ya ɗauki tsumma. Ya dubi rijiya. Ya ajiye tsumman, ya sa wannan kwalbar a saman kaya, ya bar bakin jakar a buɗe don kayan rijiya su riƙa ganin hanya.

Shi ya sa har yau, duk kwalbar da ta shiga tukunya, rijiya sai ta zaci matafiyiya ce, ta ɗora mata kaya, kuma ba ta saukewa sai ta ji tsamiya ko lemun tsami. In an aike ku jan ruwa, ku gaishe ta. Amma kada ku gaya mata inda kuka taɓa zuwa.