Tsayuwar Zalɓe a Bakin Tafki

Dalilin da ya sa kuke ganin zalɓe tsaye shi kaɗai a bakin tafki, ya ƙura wa ruwa ido, ku matso ku ji.

A da can akwai wani ƙauye a tsakiyar fili mai ciyawa, gefen wani tafki. Mutanensa ba sa shuka sai shamuwa ta dawo, domin ita ke shigowa gaban damina. Duban tsuntsaye aikin wata mata ne mai suna Lanti, ta gaje shi wurin uwarta. Ƙa'idar ɗaya ce: ba a shelar shuka sai an ga shamuwa da yawa sun sauka, har sun fara tsintar kiraren sheƙa.

Wata shekara rani ya yi tsawo, rumbuna suka ƙare. Kullum Lanti tana bakin tafki. Kirinjijiya su zo, dinya su zo, shamuwa shiru.

Sarkin Noma, Baba Tunau, ya same ta can.

"Lanti, idon naki ya tsufa ne? Mata sun fara daka iri suna dama wa yara kunu."

"Baba, abin da ban gani ba, ban gani ba."

"To, ki ƙara kwana bakwai, ba abin da zai rage a zuba a rami."

Washegari aka yi yayyafi, sai ga shamuwa ɗaya tak cikin ciyawa. Lanti ta daɗe tana kallonta, kukan yara yana yi mata yawo a kunne. Sai ta ruga gari.

"Ta iso! A fita shuka!"

Aka zuba irin duka. Ya tsiro, rana ta ƙone shi ƙurmus. Ashe shamuwar fiffikenta ne ya karye, tun bara ba ta tafi ba.

Da mutane suka ɗaure kaya za su bar garin, Baba Tunau ya biyo ta tafki.

"Taso mu tafi, 'yata. Laifin har da ni."

"Ku je, Baba. Sai na gan su da idona."

Suka tafi. Kunya ta hana ta ɗaga kai sama, sai ta shiga ruwa tana neman inuwar tsuntsayen a cikinsa. Ƙafafunta suka siranta, wuyanta ya miƙe, zanenta ya koma launin toka. Ranar da shamuwa suka dawo, ta buɗe baki ta yi shela, sai wata gurɓatacciyar ƙara ta fito. Babu ma wanda ya rage ya ji.

Shi ya sa har yau zalɓe ke tsaye shiru, kansa a sunkuye, ko da damina ta sauka.