Yadda Aka Buɗe Rumbun Tsimi Ranar Naɗe Tabarma

A zamanin da, a wata ƙasa da ba sai na faɗi sunanta ba, an yi wani sarki mai rumbun tsimi cike da gero, amma ba shi da ikon buɗe shi. Kakansa ne ya taɓa rabar da hatsin gari ga maroƙa, yunwa ta zo ta tarar da rumbu wayam. Tun daga nan aka kafa doka cewa ba a buɗe shi sai majalisar dattawa goma sha biyu ta yarda. Majalisar kuwa kwana arba'in take zama a ƙarshen rani, ranar ta arba'in a naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa sai bayan kaka. In an kawo magana, sai a ajiye ƙwarya biyu a ƙarƙashin mayafi ɗaya, fara da baƙa, kowane dattijo ya zura hannu ya saki ƙwallon dabino. Fara an yarda, baƙa an ƙi. In aka yi kunnen doki, magana ta faɗi.

To, dattawan nan sun rabu biyu cif, shida a ɓangaren Waziri Jatau, shida a ɓangaren Galadima Barmo, su biyun ma suna cikin lissafin. Ba wanda ya iya tuna mafarin gabar, har su masu yin ta. Abin da aka sani kawai shi ne, in Waziri ya ce ana rana, sai mutanen Galadima su fita su duba.

A wata shekara gobara ta cinye rumbunan ƙauyen Rafin Gawo, gida talatin suka wayi gari ba ko tiyar irin shuka. Suka tashi Sarkin Nomansu, wani dattijo mai ciwon gwiwa da ake kira Cindo, ya hau jaki ya zo birni roƙon iri kafin ruwa ya sauka. Da yake talaka ba ya magana a majalisa sai wani dattijo ya ɗauki kukansa, Cindo ya faɗi gaban Waziri. Waziri ya kai maganar, ya yi ta da kyau har wasu suka share hawaye. Aka ɗaga mayafi, shida da shida. Mutanen Galadima ba su ƙi a ba da iri ba, sun ƙi ne a ce Waziri ya bayar. Bayan mako guda Galadima ya kawo maganar nan dai, bai canja komai ba sai sunan mai kawowa. Aka ɗaga mayafi, shida da shida.

Sauran kwanakin kuwa, kunya ma nake ji in ba ku labarinsu. Kwana tara aka yi ana gardamar tabarmar wa ta fi matsawa kusa da karagar Sarki. Aka yi huɗu a kan wa ya kamata a fara miƙa wa goro. Cindo yana zaune a ƙofar zaure, kullum yana duban gabas, yana ganin hadari na ƙara haɗowa. Saƙo ya zo masa daga gida cewa gida bakwai sun ɗaure kaya sun bar gari.

Ranar talatin da tara Sarki ya sa aka kira shi. Cindo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ɗaga kai ya ga tsoho irinsa, wanda gajiya ta kama har a murya.

Sarki ya ce, “Sarkin Noma, mabuɗin yana ɗakina, amma ƙwallo ɗaya ba ni da shi a ƙwaryar nan. Abin da ya rage maka guda ne. Ranar naɗe tabarma mai kuka yana iya faɗin kukansa da bakinsa, ba da sunan kowa ba.”

Cindo ya yi godiya ya fita. Kwana talatin da tara a bakin zaure sun koya masa abin da noma bai koya masa ba. Da la'asar ya je gidan Waziri, ya ce sallama ya zo yi, domin gobe zai faɗi kukansa ya tafi, kuma ya san ba zai samu ba, tunda Galadima ya riga ya nuna wa duniya inda ƙwallonsa yake faɗawa a kan maganar nan. Waziri ya gyara rawani, ya ce lallai gobe gari zai ga wanda ya hana talakawa shuka. Daga nan Cindo ya ja gwiwarsa zuwa gidan Galadima, ya maimaita maganar da sunan Waziri. Bai yi wa kowa ƙarya ba, kowannensu ya taɓa ƙi.

Kashegari Cindo ya tsaya ya yi magana gajeriya, aka zura hannuwa, aka ɗaga mayafi. Ƙwallo goma sha biyu a farar ƙwarya, baƙar kuwa ko ɗaya babu. Ashe kowane ɓangare ya saki a fara ne don gari ya ga ɗayan ne ya ƙi. Waziri ya harari Galadima, Galadima ya harari Waziri, kowanne yana jin an ci amanarsa. Karo na farko a shekarar bakinsu ya zo ɗaya, suka nemi a sake jefawa. Sarki ya ce abin da aka ƙirga an ƙirga, ya ba da umarni a naɗe tabarmi, a buɗe rumbu.

Ana ɗora wa jakuna buhuna, Sarki ya fito da kansa, ya tambayi Cindo wa zai ce wa mutanensa su gode wa.

Cindo ya ce, “Ranka ya daɗe, zan ce musu an ba mu ne don a ƙuntata wa juna. Geron dai bai san haka ba, zai tsiro.”

Ya isa Rafin Gawo bayan ruwan farko da kwana biyu, ƙasa da sauran danshinta. Ya raba iri gida ashirin da uku, kason gida bakwai kuwa ya ɗaure ya ajiye a ɗakinsa, ko Allah zai sa masu shi su dawo. Har aka yi noman farko ba wanda ya zo ya karɓa.