Wasan da Aka Yi a Ƙofar Shagon Tela

Jama'ar wannan shafi, ku ba ni aron hankalinku, musamman iyaye da malamai.

Akwai wani tela, gwani a kan keke, amma mai zafin rai a gida. Shagonsa na bakin titi, gidansa na bayan shagon. 'Ya'yansa huɗu, ƙaramarsu 'yar shekara bakwai ce da kowa ke kira Auta.

Auta baki gare ta kamar rediyo. In ta dawo daga makaranta sai ta haye buhun ƙyallaye ta yi ta zuba, har sai uban ya ce, "Ke, wai ba kya haɗiye yawu ne?"

Wata Talata ta dawo da siket a jiƙe. Ba ta shiga shago ba, ba ta ce wa kowa komai ba.

Washegari ta ce cikinta na ciwo, ba za ta je makaranta ba. Kwana na uku ta ɓuya a bayan randa. Uban ya jawo ta, ya ninka tef ɗin awo ya zabga mata, ya ja hannunta har ƙofar makaranta tana tirjewa.

Uwar ta ce, "Baban Auta, yarinyar nan akwai abin da ke damunta."

Ya ce, "Shagwaɓa ce ke damunta, kuma ke kika koya mata."

Haka aka yi mako uku. Kullum duka, kullum ja. Auta ta rame, ta daina magana sai da ka.

Malamar ajinsu sabuwar ɗauka ce. Ranar Talatar nan ba ta zo ba, hedimasta ne ya riƙe mata aji. Ta tambayi yaran me ya sami Auta, suka ce ba komai. Amma tana da wata ɗabi'a: in an fita hutun tara, takan zauna a bakin baranda ta kalli wasan yara. A nan ta ga abin da ya tayar mata da hankali.

Ta sami hedimasta a ofis. Mutum ne mai ji da kai, makullai a rataye a ƙugunsa, tun daga nesa ake jin tahowarsa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan suna wani wasa na kulle mutum a ɗaki. Ina ganin ya kamata mu zauna mu kalla, mu ji abin da suke son gaya mana."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Shekara ashirin ina gyara yara. Yau ke za ki ce in ɗauki darasi wurin masu majina?"

A ranar ya hana wasa a makarantar gaba ɗaya. Kafin mako ya ƙare ya sallami malamar.

Ba ta haƙura ba. Ta zo shagon tela, ta tsaya a bakin ƙofa ta gaishe shi. Ta ce, "Baba, don Allah ka daina dukan Auta. Ka kalli wasan da 'yan ajinsu ke yi, za ka gane."

Ko tsayar da keken bai yi ba. Ya ce, "Malama, da kin iya aikinki da ba a kore ki ba. Ni da ɗinkin mutane a gabana zan zauna kallon wasan yara? Ki gaida gida."

Ta tafi tana share hawaye.

Ranar Asabar da la'asar wuta ta ɗauke, tela ya fito da benci ƙofar shago, shi da maƙwabcinsa mai aski. Yaran layin sun taru a gabansu da wani ƙaton kwali. An hana su wasa a makaranta, sai suka dawo da shi titi.

Wani yaro ya ɗaura marafan kwalba a igiya ya rataya a ƙugu. Ya turo ciki, yana tafiya suna kacau-kacau. Mai aski ya kwashe da dariya. "Wallahi hedimasta ne sak!" Tela ma ya dara har yana riƙe ciki.

Sauran yaran suka zauna a layi. Wata 'yar ƙarama ta ɗaga hannu. "Malam, zan zaga."

"Zauna!"

Ta sake ɗagawa. "Malam, ya matse ni."

"Karanta wannan layin tukuna. Ba ki iya ba? Daƙiƙiya. Ɗakin kaya!"

Suka tura ta cikin kwalin, suka rufe, biyu suka zauna a kai. Ta ciki tana bugawa tana cewa, "Akwai duhu, akwai ɓera, ku buɗe ni!" Mai marafan kwalba ya juya baya yana fito. Wani ya kaɗa gwangwani, wai an tashi. Sai a lokacin aka buɗe, aka watsa wa siket ɗinta ruwa, aka tsayar da ita a kan dutse.

Mai marafan ya ce, "Ku tafa mata! Kowa ya ce: Auta ta jiƙa!"

Yara suka ɗauka da tafi. "Auta ta jiƙa! Auta ta jiƙa!"

Dariyar tela ta tsaya. Ya miƙe, ya kama kafaɗar yaron da ya rataya marafan. "Wa ya koya muku wannan?"

Yaron ya tsorata. "Ba wanda ya koya mana, Baba. Haka aka yi mata. Tun safe har aka tashi. Hedimasta ya ce duk wanda ya faɗa a gida shi ma zai shiga."

Tela ya waiga. Auta na tsaye a bakin ƙofar gida, ta ga wasan, ta kuma ga babanta yana dariya. Ya kira ta, ta juya da gudu.

Da kansa ya je neman malamar da ya kora daga shagonsa. Ya durƙusa a ƙofar gidansu, ya kasa haɗa ido da ita.

Labari ya bazu a unguwa, ran Litinin iyaye suka cika makarantar, mai makarantar ma ya zo. Hedimasta ya ce sharri ne, ya kira yara biyar ya tambaye su a gaban kowa ko an taɓa kulle wani. Duka suka girgiza kai.

Malamar ta ce, "A fitar da shi waje, a ba su kwali."

Aka yi haka. Yaran suka maimaita wasan, suka kuma sauya sunaye. Ba Auta kaɗai ba ce. Yara bakwai ne suka taɓa shiga ɗakin nan. Wata uwa da ta ji sunan ɗanta ta zube a ƙasa.

A ranar aka karɓi makullan hedimasta. Ya fita ta tsakiyar iyayen da ya saba yi wa tsawa, ba wanda ya amsa sallamarsa. Babu makarantar da ta sake ɗaukarsa.

Aka cire ƙofar ɗakin kaya. Aka dawo da malamar. Aka ware awa guda kowane mako, yara na wasa, malamai na zaune suna kallo suna rubutawa. Ta haka aka gano cewa 'yan bayan aji ba sa ganin allo, kuma manyan yara na ƙwace wa ƙanana abincinsu a bayan banɗaki. Duk aka gyara.

Makaranta ta gyaru, amma Auta ba ta koma yadda take ba. In uban ya shigo ɗaki, sai ta fita.

Wata rana ya hango ta a tsakar gida da 'yan tsana biyu, babba da ƙarama. Ya laɓe a bayan labule, yana zaton zai ji muryar hedimasta.

Auta ta sa babbar ta fizgi hannun ƙaramar. Ta ƙanƙance ido, ta yi murya mai kauri, ta ce, "Shagwaɓa ce ke damunki. Tashi mu je, ko in karya ki."

Tela ya zauna a ƙasa a inda yake, ya toshe bakinsa da hannu don kada ta ji kukansa.

Darasi: Yaro ba ya iya kai ƙara yadda babba ke yi. Abin da tsoro ya hana shi faɗa, a wasa yake fitar da shi. Malamin da ke son gyara makaranta, da uban da ke son gyara gida, su fara zama su kalli wasan yara kafin su ɗaga murya ko hannu. Ku tura wannan ga duk mai ɗa a makaranta da duk mai riƙe da alli.