Kaset ɗin Bikin Rhoda

Akwai wani mai shagon kaset a Gumel, wajen shekarar 1996, ana kiransa Ilu. Bidiyo biyu gare shi a jone da juna: ya sa kaset a ɗaya, ya juye abin da ke ciki a ɗayan. Mutum ne mai sanyin hali, amma yana da doka guda da ko sama da ƙasa za su haɗu ba ya karyawa. Kaset ɗin bikin gidan wani ba ya kwafa sai mai shi ya yarda. Abokai har "alƙalin kaset" suke ce masa, shi kuwa sai dai ya yi murmushi.

Wata rana Malam Ezekiel, malamin gona mutumin Filato, ya kawo kaset ɗin bikin 'yarsa Rhoda a goge masa funfuna. Kafin ya zo karɓa aka mayar da shi aiki Sule Tankarkar, kaset ya yi zamansa a shago.

Da Ilu ya sa shi don gwadawa, sai ya ga fuskar da ya sani. Ga Ya'u, mijin ƙanwarsa Mansura, direban babbar mota da ya rasu a hatsari kan hanyar Maigatari zuwa Damagaram shekara huɗu da suka wuce. Ashe shi ya kai bencinan bikin. Bai kai minti ɗaya a hoton ba, yana sauke benci yana dariya, kiɗa ya danne muryarsa.

Ya'u ya rasu ya bar Mansura da tsohon ciki. Yarinyar da ta haifa, Kyauta, ba ta san fuskar babanta ba sai a ɗan hoton lasisi da ya koɗe.

Ilu ya aika aka kira Mansura. Sau uku ta sa aka mayar mata da wurin baya, hawaye na zuba.

"Yaya, ka juye min," in ji ta.

"Ba nawa ba ne, Mansura. Iyalin mutum ne a ciki, matarsa da 'ya'yansa. Sai na tambaye shi."

"In ya ce a'a fa? Ga kaset a hannunka, wa zai sani? Dokarka ta fi marainiya ke nan?"

Ta ja mayafi ta fita ko sallama babu. Maganar ta yi wa Ilu zafi ƙwarai, don ya san da gaskiyarta. Har ya ɓare sabon kaset ya zura, ya ɗora yatsa kan maɓalli. Ya daɗe a haka, sannan ya zare shi ya mayar cikin kwali.

Washegari ya rufe shago, ya hau babur sai Sule Tankarkar. Aka ce Malam Ezekiel ya shiga ƙauye duba gonaki. Ilu ya zauna gindin dalbejiya tun hantsi har la'asar, yana tunanin abin da zai gaya wa ƙanwarsa in aka hana shi.

Da Malam Ezekiel ya dawo ya ji bayani, sai ya dube shi ya ce:

"Malam Ilu, saboda wannan ka rufe shago yini guda? Allah ya jiƙan Ya'u, mutumin kirki. Kwafa, na yarda." Har Ilu ya miƙe, sai Malam Ezekiel ya ce, "Dakata. Wanda ke wurinka ai mai ɗaukar hoto ya yayyanke shi. Na asalin yana akwatin Maman Rhoda, kuma na tuna Ya'u ya yi surutu a ciki. Ka juye wa matarsa wurin, ka dawo min da abina."

Da aka sa kaset na asali a shagon, Mansura na zaune da Kyauta a cinya. Sai ga Ya'u kan benci da kofin zoɓo, babu kiɗa, muryarsa tangaran. Ya yi wa amarya addu'a, ya tsokani mai ɗaukar hoto, sannan ya sosa ƙeya ya ce:

"Ni ma ana jiran baƙo a gidana. In mace ce, Kyauta zan riƙa kiranta. Kyauta, in kin zo, ga babanki nan yana aiki, kada a ce miki rago ne."

Yarinyar ta ɗago kai ta dubi uwarta.

"Umma, ni yake kira?"

Mansura ta gyaɗa kai, ta juya wajen Ilu ta ce, "Yaya, ka yafe min." Shi kuwa yana ta goge bidiyon da babu ƙura a kansa, don kada a ga idonsa.

Darasi: Abu ya zo hannunka ba shi ne ya zama naka ba. Da Ilu ya kwafa a ɓoye, da minti ɗaya mara murya kawai Kyauta za ta samu. Yau da sauke bidiyo a waya ya zama taɓa allo kawai, mu nemi izinin mai abu kafin mu ɗauka ko mu yaɗa. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.