Birkin Illo a Gangaren Gaweye

Ku yi mini afuwa, 'ya'yana, wani sashe na labarin nan ya zube mini a hanya. Shekarar ta ɓace mini. Na dai san ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, kuma ba a yi gada a Yamai ba tukuna. Abin da ya rage a kaina shi zan ba ku.

Akwai wani direba, Illo, mutumin Tawa, yana tuƙa kamiyon, wato babbar motar kaya, ta Alhaji Tanimu, ɗan kasuwa a kasuwar Katako ta Yamai. Kowace Alhamis yakan kai gishiri da kananzir ƙetaren kogi. A lokacin sai mota ta gangara a Gaweye ta hau bak, wato jirgin da ke ƙetarar da motoci.

Shekara bakwai yana wannan hanya lafiya lau. Wata Alhamis, yana bisa gangaren, sai gabansa ya yanke ya faɗi. Numfashi ya ɗauke masa, ya ji kamar ruwan nan yana janyo shi. Me ya kawo haka? Shi kansa bai sani ba. Ya juya ya koma Katako da kayan.

"Birki ba ya ci," in ji shi.

Ai namiji ba ya cewa tsoro yake ji. Haka ya gaya wa ransa.

Mai kula da motocin Alhaji wani dattijo ne, Halidu bakanike, wanda ya yi furfura a ƙarƙashin mota. Ya kwance birkin, ya duba, ya mayar. Bai ga komai ba.

Alhamis ta zagayo, abin ya sake kama Illo, har ya fi na farko. Ya dawo yana huci, ya jefar da makulli a gaban dattijon.

"Baba Halidu, in kashe ni kake so, ka fito fili! Wannan gyara ne ko wasan yara?"

Halidu ya shiga motar, ya ɗan jima a ciki, ya fito. Ya sake kwance birkin.

Tun daga nan Illo ya zama wuta. Ya yi faɗa da masu lodi, ya yi faɗa da mai shayi, a gida kuwa ko tari ba a yi in yana nan. Duk wanda ya ce masa "Lafiya?" sai ya sha zagi.

A karo na uku Alhaji Tanimu ya harzuƙa. Ya kira Halidu a gaban jama'a.

"Sau uku kaya na dawowa! In ido ya tafi, ka faɗa. Tattara ƙarafanka, yau ka gama aiki a nan."

Illo yana tsaye, yana ji. Ya san bakanike in aka kore shi a kan birki, babu mai sake ba shi ko keke a garin nan. Amma ya yi gum.

Halidu ya miƙe.

"Alhaji, zan tafi. Amma ba da sunan makaho ba. Mu je Gaweye."

Suka ɗunguma. A bakin kogi, Halidu ya sa aka tsayar da kamiyon a saman gangaren. Shi kuma ya sauka ƙasa, ya tsaya tsakanin mota da ruwa, ya harɗe hannu.

"Illo! Sako ta. In ka zo kaina ka taka birki. In aikina ƙarya ne, ta bi ta kaina!"

Direbobi da masunta suka taru. Illo ya hau, ya kama sitiyari. Ga ruwa, ga tsoho. Abin nan ya taso masa, ƙirji kamar ana daka. Ya san birkin lafiyarsa lau. Ƙafarsa ce bai yarda da ita ba.

Ya kashe mota ya sauko.

"Birkin ba shi da komai," ya ce. "Ni ne. In na ga ruwan nan gabana faɗuwa yake, numfashina ya ɗauke, in ji kamar mutuwa zan yi. Mako uku ke nan. Na ji kunyar faɗa."

Wani direba ya tuntsire da dariya. "Illo sarkin faɗa, ashe farar kura ce!"

Halidu ya hauro yana haki, ya nuna mai dariyar da yatsa. "Rufe mana baki, kai da ko tsaka ta faɗo maka sai ka yi salati!" Sannan ya juyo kan Illo.

"Kai kuma, tsoro laifi ne? Wa ya gaya maka? Laifinka ƙarya! Ka gwammace a tozarta furfurata da ka buɗe baki ka ce, Baba, ga abin da ke damuna? Tir!"

Illo ya durƙusa. Halidu bai ko dube shi ba, ya yi tafiyarsa. Alhaji ya bi shi da ban haƙuri, kuma abin da suka ce wa juna yana cikin abin da na manta.

Ranar Alhamis Illo ya zo ajiye makulli, don ya ɗauka tasa ta ƙare. Sai ya tarar da Halidu zaune a gaban mota, fuska a murtuke.

"Hau mu tafi. In abin ya taso ka faɗa mini da baki. Ka ƙara cewa birki, in fasa maka kai."

A gangaren abin ya taso. Illo ya ce, "Baba, ga shi nan." Halidu ya ce, "Na ji. Ja numfashi. Bak ba zai gudu ba." Suka hau. Haka suka yi ta yi har damina ta wuce. Abin bai rabu da shi ɗungum ba, amma ya daina fin ƙarfinsa.

Abu ɗaya na tabbatar daga baya, daga bakin Halidu kansa, a gidansa na unguwar Goudel. Tun karo na biyu ya gane. Da ya shiga motar, ya tarar da sitiyari jiƙe sharkaf da gumi, ga shi ana tsakiyar sanyi. Ya yi shiru ne don yana jira Illo ya faɗa da kansa.

Darasi: Damuwar da ka ɓoye ba ta tsayawa a cikinka, fita take ta zama fushi da ƙarya, ta ƙone wanda bai ji ba bai gani ba. In gabanka na faɗuwa, nemi wanda ka yarda da shi ka gaya masa. In kuma kai aka gaya wa, kada ka yi dariya. Ku isar da wannan ga wasu, wataƙila akwai mai riƙe da sitiyari yana gumi, ya kasa magana.