Baba Cha'ibu da Jan Ɗigo

Akwai wani dattijo a Mayahi mai suna Cha'ibu, ma'aikacin tsaron gandun daji. Shekara ashirin da bakwai yana rataye da bindiga, kuma daga Mayahi har Tasawa ba a san wanda ya kai shi saiti ba. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake yake. Aibinsa ɗaya: in dai maganar harbi ce, bakinsa ba ya gajiya. Ka ce masa ina kwana, sai ka ji labarin ranar da ya fasa kwalba daga taki ɗari biyu a gaban manyan baƙi.

Amma akwai abin da ya ɓoye wa kowa, har matarsa Saudatu. Shekara uku ke nan idonsa ya daina ganin abin da ke kusa. Nesa kam, yana iya ƙirga awaki a kan tudu. To shi saitin tsohuwar bindiga sai ka jera abu uku: 'yar tsagar da ke kusa da idonka, tsinin ƙarfen da ke bakin bindiga, da abin da za ka harba. Biyun farko sun koma masa dishi-dishi. Ya taɓa sayen tabarau a ɓoye a kasuwar Maraɗi. Da ya sa, tsinin ya fito sarai, abin harbin ya ɓace. Ya tura tabarau ƙasan akwati ya yi gum.

Shekarar 2010 ce, sojoji na kan mulki, daminar baya kuma ta yi gardama. Rumbuna wayam. 'Yan'uwansa daga garin Sarkin Hausa suka tattaro suka sauka gidansa, ya zama baki goma sha huɗu ke ci daga albashinsa.

Ana cikin haka sai shugabansu, Shef Abdurrahamane, ya tara su ya ce nan da mako uku za a gwada duk mai riƙe bindiga. Harsashi goma, dole shida su shiga baƙin da'irar allo. Wanda ya kasa, ya ajiye kaki.

Tare da sanarwar aka kawo wasu 'yan madubai da ake ɗaurawa a kan bindiga, da wadda za ta koyar da su. Sunanta Dabora, ɗiyar wani manomi Kirista daga Hawandawaki, ba ta daɗe da dawowa daga horo a Yamai ba. A haife, Cha'ibu ya haife ta.

Ranar farko ta tsaya gaban sabbin ɗauka da madubin a hannu.

"Bon, ku duba nan. Cikin abin ga akwai 'yar fitila ƙarama, da pil, wato batir, take aiki kamar rediyo. Tana jefa jan ɗigo bisa gilashi, gilashin shi maido shi cikin idonka. Kai kaɗai ke ganinshi, ba ya fita waje shi taɓa abin da za ka harba. In an daidaita shi da bindigar, inda ɗigon ya zauna nan harsashi za ya sauka."

Cha'ibu na jingine da bango yana sakace haƙori.

"To Madam," ya ce, "in pil ya mutu fa, sai mu ce ma ɓarawon shanu shi dakata mu je kanti?"

Yara suka tuntsire da dariya. Dabora ma ta yi murmushi ta ce, "Baba, shi ya sa ake duba shi tun gida." Ta ci gaba da darasinta.

Sai dai ta lura da wani abu. Da aka miƙa wa Cha'ibu takardar sunaye, ya miƙe hannu har ƙarshe, ya murtuke fuska, sannan ya tura wa na kusa da shi wai rubutun ba kyau. Haka mahaifinta ke yi da littafin waƙoƙin majami'a.

Ranar gwajin hannu, kafin babban gwajin, Cha'ibu ya ƙi madubin. Ya harba uku da tsohon saiti, ko gefen allon bai taɓa ba. Ya zagi iska, ya zagi harsashi, ya juya gida. Da ya shiga ya tarar da yara zagaye da kwano ɗaya suna rige-rigen lasar miya. Tsoro ne sosai ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a tsakiyar daji.

Ranar Lahadi da hantsi, bayan ta taso daga majami'a, sai ga Dabora da sallama. Ta durƙusa ta gaida Saudatu, sannan ta juyo.

"Baba, taimako na zo nema. Shef ya ce in je bayan tudu in duba daidaiton madubban ga, kuma ba a bari in tafi da bindiga ni kaɗai. Ina son babba shi raka ni."

Cha'ibu ya san ba rakiya take nema ba. Ita ma ta san ya sani. Ya gyara hula ya ce, "To, tunda kin matsa."

A bayan tudu ba kowa sai gawo ɗaya. Ta kafa allo, ta cire harsasai, ta nuna masa cikin bindigar ya gani da idonsa ba komai, sannan ta miƙa masa.

Ya ɗora a kafaɗa, ya runtse idon hagu kamar yadda ya saba shekara ashirin da bakwai, ya ƙura wa ɗigon ido.

"Abin ga rawa shi ke! Ya ƙi tsayawa wuri guda, mi za ni yi da shi?"

"Ba shi ke rawa ba, Baba, hannunka ne. Na kowa yana yi, dā can ma yana yi, ba ka dai gani. Bar kallon ɗigon. Allon za ka kalla, da ido biyu."

"Ido biyu? Wa ya taɓa harbi da ido biyu?"

Ta ce ya buɗe, ya buɗe, ya kai hannu ga kunama idon ya sake rufe kansa. Sau goma ko fiye. Rana ta yi zafi, Cha'ibu ya fara huci. Wata ce da tuni ta yi fushi ta tattara kayanta.

Ita kuwa sai ta ɗauko murfin roba ta toshe gaban madubin.

"Ke! Kin makantar da shi."

"Duba dai."

Ya runtse idon hagu ya duba. Duhu, sai jan ɗigo a tsakiya, ba allo ba gawo.

"Ban ga komi ba."

"To buɗe ɗayan."

Ya buɗe. Sai ga allon can nesa, tas, ga jan ɗigon zaune a kan baƙin da'irar kamar da hannu aka ɗora shi. Alhali gaban madubin a toshe yake.

Cha'ibu ya sauke bindigar ya duba murfin, ya sake ɗagawa. "La'ilaha illallahu! Ɗiyata, wanga wane irin siddabaru ne?"

"Ba siddabaru. Idon dama na ganin ɗigo, na hagu na ganin allo, kanka ke haɗa su. Ba sai ka ga wani tsini kusa da kai ba, Baba. Nesa kawai za ka duba." Ta sassauta murya. "Kuma nesa ai idonka lafiya lau."

Nan dattijo ya zauna a kan rairayi.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar takarda."

"Kuma ba ki faɗa ma kowa ba? Bayan na sa yara sun yi miki dariya?"

"Dariya ba ta rage min komi ba. Kai kuwa mutum goma sha huɗu ke jiranka."

Ƙwalla ta cika masa ido, ya ce wai rairayi ne ya shiga. Ta yi kamar ta yarda.

Kwana goma suna fita bayan tudu. Ta nuna masa 'yan kusoshi biyu da ake murɗawa har ɗigon ya dace da inda harsashi ke sauka. Ta koya masa rage hasken ɗigon in ya yi yawa ya rufe allon, da barin ɗigon ya yi 'yar rawarsa cikin baƙin, shi dai ya matsa kunama a hankali kada ya fizga. Mutumin da ya koya wa rabin ma'aikatan yankin harbi ya koma yana cewa "To, Malama."

Ranar gwaji aka taru. Da aka kira sunansa sai ya ji idanun mutane a ƙeyarsa, tsohon hali ya dawo. Ya runtse ido, ya fizga. Waje. Na biyu waje. Na uku waje.

Saura bakwai, shida yake nema. Doka ta hana kowa magana, Dabora na tsaye can gefe hannunta a kan ƙirji.

Cha'ibu ya sauke bindigar, ya share gumi, ya ja numfashi. Ya yi bisimilla, ya ɗaga, ya buɗe ido biyu tarwai. Na huɗu ya shiga. Na biyar, na shida, na bakwai. Na takwas ya kauce da ɗan yatsa, wani ya ce "Wayyo!" Na tara ya shiga. Na goma ya daɗe a kansa har mutane suka ƙosa, sannan ya matsa a hankali.

Shef Abdurrahamane ya je ya duba allon da kansa, ya ɗaga murya: "Cha'ibu, shida. Ya wuce."

Wani cikin sabbin ɗauka ya kasa riƙe bakinsa. "Baba mai goma bisa goma, yau shida?"

Cha'ibu ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa, wannan karon bai ɗora wa rairayi laifi ba.

"Yaro, goman da ka ji labari duk na baki ne yanzu. Shekara ukku ba na ganin tsinin bindigata, girman kai ya hana ni faɗi. Shidan ga kuwa tuwon gidana ne." Ya juya ya nuna Dabora. "Kuma ba ni na harba su ni kaɗai ba. Yarinyar da na yi ma ba'a gabanku ita ta rufa min asiri. To gabanku kuma nike roƙonta gafara."

Ya tsaya ƙyam, ya sara mata kamar yadda ake sara wa babban hafsa. Dabora ta rufe fuska da tafin hannu don kunya, tana dariya tana kuka.

Darasi: Ilimi ba ya duba furfura kafin ya zaɓi wanda zai zauna wurinsa, don haka kada girman kai ya hana ka koyo daga na ƙasa da kai. Kai kuma da ka gano raunin wani, ka gyara shi a ɓoye, kada ka tona shi a fili. Ku tura wa wanda ya taɓa rufa muku asiri, ku ce masa kun gode.