Rabon Ruwa a Tungar Datti

Akwai wani bawan Allah, Malam Lawal, da ya yi shekara talatin da biyar yana aikin gwamnati a Kaduna. Da ya yi ritaya, sai ya bar Unguwar Rimi ya koma noma gonar mahaifinsa a Tungar Datti, wani ɗan ƙauye can bayan Mando.

Ƙauyen yana da wata al'ada. Akwai wani zirin fili da ya ratsa gonakin garin tun daga kan tudu har rafi, faɗinsa bai wuce taku shida ba. Ba a nomansa, gamba ce kawai ke fita a ciki. Suna kiransa rabon ruwa.

Zirin ya bi ta tsakiyar gonar Malam Lawal, kuma abin ya tsaya masa a rai. Ranar da ya ɗauko hayar tarakta, sai ya ce wa direban ya haɗa har da wurin.

Iya Tani ce ta tare su. Tsohuwa ce da mijinta ya daɗe da rasuwa, gonar gyaɗarta tana ƙasa da tasa.

"Lawandi, dakata," in ji ta. "Nan ba naka ba ne, ba na kowa ba ne. Shekarar da Datti ya zo da gida bakwai suka sari dajin nan, ruwan daminar farko ya kwashe musu bukkoki. Shi ne suka bi sawun ruwan, suka bar masa hanyarsa."

Malam Lawal ya yi dariya. "Iya, yanzu ruwan ma gado ya ci a garin nan? Wannan ai zancen mutanen da ne. Mu mun karanta noma a takarda."

"To, Allah ya sa ruwan ma ya karanta," ta ce. Ta gyara ɗaurin zaninta ta wuce.

Aka tumɓuke gambar, aka shuka masara. Masara kuwa ta yi kyau, har yana ɗaukar hotonta yana tura wa tsofaffin abokan aikinsa.

Wata Laraba a watan Agusta, bayan azahar, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da aka ɗauke, Malam Lawal ya nufi gona, takalminsa a hannu.

Ruwan tudu ya biyo hanyarsa ta kullum, bai sami gambar da ke rage masa gudu ba. Ya yanka kwari a tsakiyar masarar, zurfinsa har ƙugu. Amma ba wannan ce babbar ɓarnar ba. Duk ƙasar da ruwan ya kwasa, a kan gyaɗar Iya Tani ya juye ta. Ko ganye ɗaya ba a gani.

Gyaɗar nan ita ce abincin tsohuwar na shekara. Da ita take yin ƙuli da mai ta sayi hatsi.

Tana tsaye a bakin gonar, ta zuba hannuwa a baya. Ta dube shi sau ɗaya, ta juya ta tafi. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Kwana biyu bai fita ko masallaci ba. Matarsa Hajiya Lami ta ajiye masa kunu, ta ce, "Malam, ɓuyan nan ba zai tono gyaɗar ba. Ka je a faɗa maka mai zafin, ka ji."

Da safe ya tafi ƙofar mai unguwa, ya cire takalmi ya durƙusa a gaban dattawa.

"Ranka ya daɗe, na yi ɓarna. An gaya mini, na ƙi ji. Duk hukuncin da aka yanke, na ɗauka."

Wani ya ce a karɓe gonar. Wani ya ce ya koma birni inda ya fi wayo. Mai unguwa ya ɗaga hannu. "Mai gyaɗa ce za ta yi magana."

Iya Tani ta dube shi ta ce, "In kun kore shi, wa zai cike ramin? Ni? Gyaɗa dai ta tafi, amma wake bai makara ba. A yi gayya."

Ranar Asabar gari ya fito. Maza suka jera duwatsu da buhunan ƙasa a cikin kwarin. Kowane gida ya tono saiwar gamba daga nasa ɓangaren ya kawo. Mata suka harhaɗo irin wake, wannan kofi ɗaya, waccan tafi biyu, har ya isa gonar Iya Tani, aka shuka.

Malam Lawal da hannunsa ya dasa gambar, a durƙushe cikin taɓo.

"Ranka ya daɗe Darakta, saiwar ce ke shiga ƙasa, ba ganyen ba!" in ji wani manomi. Aka kwashe da dariya, har da shi.

Da kaka, masarar da ta tsira ya raba biyu, ya kai rabi rumbun Iya Tani. Waken ma Allah ya sa masa albarka.

Bayan nan ne ya zo ƙofar ɗakinta da littafi da biro.

"Iya, ban san komai game da garin ubana ba. Ki faɗa mini, in rubuta saboda jikoki."

Ta lissafa masa gidaje bakwai ɗin, da wanda ya haƙa rijiyar farko, da shekarar da fari ya sa aka ci tafasa babu gishiri. Sai da la'asar ta yi ya rufe littafin.

"A'a, buɗe," ta ce. "Ba ka rubuta shekarar tarakta ba."

Ya sunkuyar da kai. "Har da ita, Iya?"

"Har da sunanka. Kai ma yanzu ɗan gari ne."

Darasi: Kafin ka rushe abin da ka tarar, tambayi waɗanda ka tarar dalilinsa. In ka yi kuskure, ka fito ka amsa. In kuma kai aka ɓata wa, ka bar wa mai laifi ƙofar gyara. Don Allah ku tura wa 'yan uwa, musamman waɗanda suka daɗe ba su leƙa ƙauyensu ba.